Yadda zaka bambance aya da tsakuwa a musun juyin halitta da tsarin mai hikima

Duk lokacin da maganar juyin halitta ta taso kusan abu ɗaya nake gani, wannan ya ce ai Darwin ya ce kakanmu biri ne, wancan ya ce kimiyya ta riga ta gama magana ku ne dai baku waye ba, a yi ta cacar baki har a tashi baram-baram babu wanda ya ƙaru da ko kalma ɗaya. Abin yana damuna ƙwarai, saboda magana ce da ta shafi asalinmu da imaninmu da kuma yanda muke ɗaukar ilimi gaba ɗaya, bai kamata a barta a hannun wanda ya fi iya ɗaga murya ba. Abinda zan nuna maka anan shine yanda zaka riƙa bin wannan musu da kanka, ka san inda hujja take da nauyi da inda surutu ne kawai, ko daga wane ɓangare ya fito.

Fara da raba tambayoyin

Ɗan'uwa, kafin ka buɗe baki ka tambayi abokin musunka wace magana yake yi takamaimai, domin aƙalla tambayoyi huɗu ne aka cakuɗa a tukunya ɗaya. Akwai tambayar ko halittu suna canzawa daga zuriya zuwa zuriya. Akwai ta ko dukkansu tsatso ɗaya suka fito. Akwai ta menene yake kawo canjin, shin tuntuɓen da ake samu wajen kwafar DNA tare da tankaɗe da rairayar da yanayi yake yi, wato mai halin da ya dace da muhalli ya fi rayuwa da hayayyafa, sun wadatar, ko kuwa sai da hannun wani mai tsarawa. Sannan ta huɗu, ko duk wannan yana da manufa da Mahalicci a bayansa.

Ta farkon babu wanda yake ja da ita, har ƴan tsarin mai hikima, wato masu cewa akwai abubuwa a jikin halittu da ba zasu samu ba sai da wani mai hikima ya tsara su. Ta huɗun kuma ba a lab ake warware ta ba. To rigimar gaskiya tana tsakanin ta biyu da ta uku, kuma abinda mutane da yawa basu sani ba shine Michael Behe, masanin sinadaran jiki na jami'ar Lehigh a Amurka wanda shine babban gwanin ƴan tsari a fannin kimiyya, ya yarda duniya ta kai shekaru biliyan 4.5 kuma ya yarda halittu tsatso ɗaya ne, har da mutum da birai. Inda ya tsaya shine ta ukun kawai. Kaga kenan wanda yake jawo sunan Behe don ya rushe maganar tsatso ɗaya, ya kawo shaidan da ba nasa ba.

Ka kuma gyara kalmomi biyu tun da wuri. Masana juyin halitta basu ce mutum daga birin da kake gani yau ya fito ba, cewa suka yi mutum da birin cimfanzi sun haɗa kaka wanda ya rayu kimanin shekaru miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, don haka tambayar me yasa har yanzu akwai birai bata taɓa maganarsu ba. Ta biyu kalmar nazariyya, ko tiyori kamar yanda ƴan makaranta suke faɗa. A bakin masana ba hasashe take nufi ba, tana nufin bayani mai faɗi da ya ɗaure hujjoji masu yawa wuri ɗaya, haka ake kiran bayanin da ya ce ƙwayoyin cuta ne ke kawo rashin lafiya. Zaka iya ƙin yarda da nazariyya, amma ka ƙi ta da hujja ba da sunanta ba.

Ka iya faɗin hujjar kowa kamar kai ne mai ita

Wannan ne matakin da ya fi wuya kuma shi aka fi tsallakewa. In baka iya faɗin hujjar abokin hamayyarka har ya gyaɗa kai ya ce eh haka nake nufi ba, to baka fara musu ba tukuna.

Hujjar tsari tsohuwa ce. A 1802 wani limamin coci a Ingila, William Paley, ya ce in kana tafiya a fili ka yi tuntuɓe da dutse ba zaka damu da yanda ya zo wurin ba, amma in agogo ka tsinta dole ka ce akwai wanda ya ƙera shi, to ido ya fi agogo tsari. Darwin kansa ya karanta Paley yana ɗalibi kuma ya burge shi. Abinda Behe ya yi a 1996 shine ya ɗauko wannan hujja ya shiga da ita cikin ƙwayar halitta, ya ce akwai na'urori a ciki waɗanda in ka cire yanki ɗaya gaba ɗayansu sun daina aiki, kamar tarkon ɓera, in babu sifirin babu tarko, in babu katakon babu tarko, rabin tarko baya kama rabin ɓera. Misalinsa da ya fi shahara wutsiyar bakteriya ce, wata aba mai juyawa kamar farfela da inji a gindinta wadda aka haɗa da furotin iri-iri masu yawa. Ya ce tunda rairayar yanayi bata ajiye abu sai mai amfani nan take, ta yaya zata tara sassan da basu da amfani sai sun cika? Wallahi tambaya ce mai kyau, duk wanda ya yi mata dariya bai fahimce ta ba, shi kansa Darwin a littafinsa na 1859 ya rubuta cewa in aka samu wata gaɓa da ba zata yiwu ta samu ta hanyar ƙananan canje-canje a jere ba to nazariyyarsa ta rushe.

Yanzu amsar masana. Sun ce matsalar tana wurin zaton cewa kowane yanki tun asali wannan aikin yake yi. Akwai wata allura da wasu bakteriya suke amfani da ita wajen tsirta guba cikin ƙwayoyin jikin wanda suka kama, irin wadda ƙwayar cutar annobar da ƙuman ɓera ke yaɗawa take da ita, kuma furotin kusan 10 na wannan allura dangin na gindin wutsiyar ne, wato ga wani ɓangare na injin yana aiki shi kaɗai amma wani aikin daban. Haka tsarin daskarewar jini da Behe ya kawo, dabbar dolfin bata da ɗaya daga cikin sinadaran da muke da su kuma jininta yana daskarewa lafiya. Sannan tun 1918 masanin ƙwayoyin gado Hermann Muller ya bayyana yanda abu zai shigo a matsayin ƙari kawai, daga baya sauran sassa su dogara da shi har ya zama in babu shi komai ya tsaya, kamar gadar dutse mai lanƙwasa da aka gina akan katako, in an gama a janye katakon, wanda ya zo daga baya sai ya ga duk dutsen da ya zare ginin zai rufta, ya rasa yanda aka yi aka jera su.

Amma kada ka tsaya nan ka ce an gama. Ƴan tsari sun mayar da martani cewa masana da yawa suna ganin allurar ce ma ta samo asali daga wutsiyar ba akasin haka ba, kuma gaskiya suka faɗa, akwai masu wannan ra'ayi sosai. Sun kuma ce babu wanda ya jero tarihin wutsiyar mataki-mataki tun daga farko. Nan ma da gaskiyarsu. Sai dai ka lura da abinda ya faru da da'awar, da farko cewa aka yi ba zai yiwu ba sam, yanzu ta koma ba a gama bayani ba, kuma tsakanin waɗannan biyun akwai tafiya mai nisa.

Tambayar da nake so ka riƙe

Ka tambayi kowane ɓangare: wane abu ne in aka gano shi gobe zaka ce na yi kuskure? Da kuma ƙanwarta: me nazariyyarka ta ce za a samu tun kafin a same shi?

Bari in nuna maka yanda wannan yake a aikace. Masana burbushin halittu sun san cewa a duwatsun da suka kai shekaru miliyan 385 kifaye ake samu masu ƙashi a fiffikensu, a na miliyan 365 kuma an fara samun dabbobi masu ƙafa huɗu. Sai Neil Shubin da Ted Daeschler suka ce to in maganar nan gaskiya ce dole a samu wani abu tsaka-tsaki a duwatsun da ke tsakani, kuma a inda a da rafi ne marar zurfi. Suka duba taswirar duwatsu suka ga irin wannan wuri a can ƙuryar arewacin Kanada, suka fara zuwa a 1999, wuri ne mai ƙanƙara da sai ɗan lokacin bazara ake iya aiki, shekara da shekaru suna komawa basu samu abinda suke nema ba, sai a 2004 a tsibirin Ellesmere suka ga hancin wata halitta ya leƙo daga jikin dutse. Da aka tono ta, tana da ɓawo a jiki irin na kifi, amma kanta a baje yake kamar na kada, tana da wuya wanda kifi bashi da shi, cikin fiffikenta kuma akwai ƙasusuwa masu kama da na tsintsiyar hannu. Aka sa mata suna Tiktaalik, shekarunta miliyan 375. Abinda ya sa nake girmama wannan labari shine sun faɗi inda za a samu da irin abinda za a samu tun kafin su tashi, kuma da sun iya dawowa hannu rabbana har abada.

Kuma don in cika maka labarin, a 2010 an fitar da rahoton wasu sawun ƙafa a wata mahaƙar dutse a Poland waɗanda suka girmi Tiktaalik da shekaru miliyoyi, abinda ya nuna ba lallai ita ce kakar kai tsaye ba, wataƙila ƴar uwar kakar ce da zuriyarta ta daɗe. Masana suka yi ta jayayya akai a fili, aka gyara jadawali. Duk wanda ya baka labarin farko ya ɓoye maka na biyu bai yi maka adalci ba.

Misali na biyu yana cikin jikinka. Manyan birai suna da kuromosom, wato dunƙulallen zaren DNA da ke cikin ƙwayar halitta, guda 24 bibbiyu, mutum yana da 23. In har an haɗa kaka, ina ɗayan ya tafi? Ba zai ɓace haka kawai a rayu ba, sai dai in guda biyu sun manne. To kowane kuromosom yana da wani tambari a bakinsa guda biyu, haruffan TTAGGG suna ta maimaituwa, kamar ɗan robar da ke bakin igiyar takalmi. In an manne biyu kenan ya kamata a ga tambarin baki a tsakiya. A 1991 aka duba kuromosom na 2 na mutum, aka samu tambarin a tsakiya sun yi karo kai da kai, daga baya aka kuma samu ragowar wata cibiya ta biyu da ta daina aiki, alhali kowane kuromosom cibiya ɗaya yake da ita. Ƴan tsari sukan ce wannan ya nuna dai kakannin mutum sun taɓa mallakar 24, bai tabbatar da haɗin jini da biri ba, mai tsari ɗaya zai iya amfani da zubi ɗaya. Shi yasa hujjar kuskuren da aka yi tarayya akai ta fi ƙarfi a wurina. Yawancin dabbobi masu shayarwa jikinsu yana haɗa bitamin C da kansa, mu bama iyawa, amma ƙwayar gadon da ke wannan aiki tana nan a jikinmu a lalace, kuma tana nan a lalace a jikin birai. Malamin da ya ga ɗalibai biyu sun kawo amsa daidai iri ɗaya ba zai ce komai ba, amma in ya ga kuskure iri ɗaya a layi ɗaya ya san an yi satar amsa.

Sai ka juya ka yi wa ƴan tsari wannan tambaya. Wane irin abu ne mai tsarawa ba zai yi ba? Yaushe ya sa hannu, kuma ta wace hanya? Anan ne ni dai nake ganin rauninsu mafi girma, domin da gangan suka ƙi faɗin ko wanene mai tsarin ko yanda yake aiki, kuma maganar da zata dace da duk abinda aka gano, fari ko baƙi, babu yanda za a gwada ta. Yawancin aikinsu nuna giɓi ne a bayanin wasu, giɓi kuwa ana cike shi.

In an ce maka ba a taɓa gani da ido ba

Ka kawo gwajin Richard Lenski. A watan Fabrairun 1988 ya zuba bakteriyar E. coli iri ɗaya a kwalabe 12, kullum a ɗebi kashi 1 cikin 100 a zuba a sabon ruwa mai ɗan sikari, kullum fa, har ranar hutu, suna yin zuriya kusan 6 da rabi a rana, kuma duk bayan zuriya 500 a daskarar da samfuri a firiza yanda za a iya tayar da kakanni a gwada su da jikoki. A ruwan akwai wani sinadari sitiret wanda wannan bakteriya bata iya ci in akwai iskar oksijin. Wata rana a 2003 aka ga kwalba ɗaya ta yi duhu fiye da sauran, aka ɗauka ma gurɓata ta yi, da aka bincika sai aka ga a wajen zuriya ta 31,000 wasu sun fara cin sitiret, abinci ya ƙaru sun yi yawa. Aka koma firiza aka tayar da kakanninsu aka sake gudanar da tarihin, sai aka ga waɗanda suka wuce zuriya ta 20,000 ne kawai suke iya sake kaiwa ga wannan baiwa, wato akwai canje-canjen da suka share hanya tun kafin amfaninsu ya bayyana.

Abokin musunka zai ce har yanzu dai bakteriya ce, kuma ƙwayar gadon tana nan tun asali, makunninta kawai aka canza. Ka amsa masa da eh, haka ne, wani yanki ne aka kwafa sau biyu ya faɗa ƙarƙashin wani makunni. Sai ka tambaye shi a ina katangar take wadda ƙananan canje-canje ba zasu tsallaka ba in an basu shekaru miliyoyi maimakon 15, kuma menene hujjar samuwarta. Nan ne musu mai amfani yake farawa.

Hattara da dabarun da ake yi a kowane ɓangare

Akwai gutsure magana. Za a kawo maka inda Darwin ya ce tunanin ido ya samu ta hanyar rairayar yanayi kamar wauta ne, a ɓoye cewa a layin da ke biye ya ci gaba da bayanin dalilin da yasa ba wauta bane. Haka ake yi wa Stephen Jay Gould wanda a 1972 shi da Niles Eldredge suka ce canji yakan zo da sauri sannan a daɗe shiru, rigimarsu akan saurin tafiyar ce ba akan ko an yi tafiyar ba. Duk maganar da aka jingina wa masani ka nemi abinda ke gabanta da bayanta. Za a kuma kawo maka ƙoƙon kan Piltdown na 1912, eh jabu ne, amma masana ne da kansu suka tona asirinsa a 1953.

Ɗaya ɓangaren ma suna da nasu. Wanda ya ce maka juyin halitta ya tabbatar babu Allah ya fita daga lab ya shiga falsafa, kuma yana son ka ɗauka har yanzu farar rigar ce a jikinsa. Francis Collins wanda ya jagoranci aikin karanta DNA ɗin ɗan adam mai imani ne, haka masanin bayoloji Kenneth Miller wanda ya fi kowa ragargazar hujjar Behe. Yanda wannan zai zauna da nassin addininka kuwa, musamman maganar asalin ɗan adam, tambaya ce ta malaman addini masu zurfin karatu, ka kai musu ita da cikakken bayanin abinda masana suka ce ba wanda aka murguɗe ba. Haka kuma in wani ya ce maka an san yanda rai ya fara, ya zarce. Gwajin Stanley Miller na 1953 tubalan furotin ya samar, bai samar da rai ba, kuma har yau wannan fage a buɗe yake.

Shari'ar garin Dover ta jihar Pennsylvania ma ka san yanda zaka riƙe ta. A ƙarshen 2004 iyaye 11 suka kai hukumar makarantu ƙara saboda ta sa a riƙa karanta wa ɗalibai sanarwa akan tsarin mai hikima a ajin bayoloji, a ranar 20 ga Disamban 2005 alƙali John Jones ya yanke cewa wannan ba kimiyya bane. Hukuncin alƙali ba hujjar kimiyya bace, dokar Amurka ta raba addini da makarantun gwamnati ya duba. Abinda zai amfane ka shine abinda ya fito a bakin shaidu, an kawo tsofaffin kwafin littafin da ake son ɗalibai su karanta aka ga bayan hukuncin kotun ƙoli na 1987 da ya hana koyar da halitta a matsayin kimiyya a makarantun gwamnati, an bi an canza kalmar halitta da kalmar tsari kusan sau 150 ba tare da an taɓa sauran bayanin ba, an kuma jibge wa Behe maƙaloli 58 da littattafai 9 akan yanda garkuwar jiki ta samu, ya ce basu gamsar da shi ba.

Ga wanda zaka gwada da kanka. Ƴan tsari sun daɗe suna cewa DNA ɗin da ake kira tarkace za a gano yana da aiki, a 2012 wani babban bincike mai suna ENCODE ya ce kusan kashi 80 cikin 100 yana da wani aiki, suka ce kun gani. Masana da yawa suka ce a'a, an faɗaɗa ma'anar aiki ne har ta haɗa da duk wani motsi na sinadari ko da bashi da amfani ga jiki. To ka ɗauki tambayoyin da muka bi ka ɗora akai, me kowa yake nufi da aiki, me kowa ya yi hasashe tun farko, sannan duk wanda ya ce maka dukkan DNA yana da amfani ka tambaye shi me yasa yawan DNA ɗin albasa ya ninka na mutum kusan sau 5.